Asarar ambaliya da ba ta shiga rajistar agaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a shafin wasiƙu. Na san maganar ta yi tsawo, amma abin ya daɗe yana damuna.

Ni tsohon ma'aikacin agaji ne, yanzu na yi ritaya. Yawancin aikina shi ne ɗaukar sunayen waɗanda bala'i ya afka wa, kuma a cikin bala'o'in nan babu wanda na fi cuɗanya da shi kamar ambaliya. Takardar da ake ba mu mu cike tana da gurabe kaɗan: sunan maigida, yawan iyalinsa, mutum nawa suka rasu, nawa suka ji rauni, ɗaki nawa ya rushe, gona eka nawa ruwa ya ci. Daga waɗannan gurabe ake haɗa alƙaluman da ke zuwa ofis, daga ofis su isa hannun gwamnati da 'yan jarida, shi ke nan sun zama abin da ambaliya ta yi. Ni kuwa da na riƙe takardar nan da hannuna ina shaida cewa mafi yawan ɓarnar ba ta da gurbi a cikinta. Muddin kuma ba a ƙirga ta ba, masu riƙe da kuɗin jama'a za su ci gaba da ganin rigakafi da tsada.

Na taɓa tsayawa a ƙofar wani tela bayan ruwa ya janye. Gininsa na bulo ne, bai faɗi ba. Ba a yi masa rasuwa ba, ba shi da gona. A takardata ba shi da asara ko ɗaya. Amma ruwan ya kwana a ɗakin da yake ɗinki har ya kai ƙirjin mutum, ga shatinsa nan a jikin bango. Kekunansa laka ta shige su, tsatsa ta fara kamawa, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya baje ƙarafan a rana yana gogewa da tsumma da mai. A gefe ga tulin yadudduka da mutane suka kawo ɗinki, sun rine juna, sun yi funfuna. Kayan amana ne, masu su kuma ruwan bai bar su ba, ba su da halin yafe masa. Ya tambaye ni inda zan sa shi. Na duba takardar sama da ƙasa, babu. Yaran da ke koyon aiki a wurinsa sun watse, wanda ke ba shi zare bashi ya daina zuwa, shi ma nasa jarin ya nutse. A kowace ambaliya irin wannan mutum ya fi wanda gidansa ya rushe yawa: makaniki, mai injin niƙa, kafinta da katakonsa ya kumbura, malamin da littattafansa suka zama dunƙule.

Ko gurbin ɗakunan da suka rushe ba ya faɗin gaskiya duka. Ginin ƙasa ta gindi yake shan ruwa. Ranar da muka zo ƙirga yana tsaye, sai mu rubuta lafiya. Bayan mako biyu ko uku, sa'ad da ya fara bushewa, sai ya tsage ya zube, sau da yawa cikin dare a kan masu barci, a lokacin an riga an rufe rajista. Gidan siminti kuma ruwa yakan zaizaye ƙarƙashinsa, ya jiƙa wayoyin lantarki, ya tado abin da ke cikin masai ya watsa a ɗakuna. Wanda bai taɓa shiga irin wannan gida ba ba zai gane warin lakar ambaliya ba. Tana manne wa katifa da tufafi, a wanke a sake wankewa, ƙarshe dai a jefar. Mutane kuma suna raina ƙarfin ruwa saboda sun saba da shi. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne. In yana gudu, zurfin santimita 15 ya isa ya kayar da babban mutum, santimita 30 ya ɗaga ƙaramar mota. Da yawa daga gawarwakin da ake tsamowa na waɗanda suka ce bari su tsallaka ne, ai ruwan iya ƙauri ne.

Sai takardu. Na ga wata dattijuwa zaune a kan buhu tana ɓamɓare takardun da suka manne da juna da bakin wuƙa, a hankali, tana shanya kowace a kan tabarma tana danne ta da dutse. Takardar filin gidan ce, da shaidar gama makarantar ɗanta, da katin asibitin mijinta mai hawan jini, da takardun haihuwar jikoki. Tawadar ta riga ta narke, abin da take shanyawa farar takarda ce mai shuɗin tabo, amma ta ƙi dainawa. Ta san abin da ke gaba. Ba takardar fili, wani na iya tasowa ya ce nasa ne. Ba katin shaida, ba za a buɗe mata asusun da za a tura tallafi ba. Yaron kuma zai nemi aiki da baki. Sabunta kowace takarda na buƙatar kuɗin mota da kuɗin ofis da zirga-zirga, daga mutumin da ko bargo ba shi da shi. Ina ganin duk ƙasar da ta ayyana wani yanki a matsayin wanda ambaliya ta ci, ya kamata ta kai ma'aikatan takardu har sansani su sabunta wa mutane kyauta. Ba wani kuɗin kirki zai ci ba.

Manomi asararsa hawa-hawa ce. Masara in ruwa ya rufe ta kwana uku ko huɗu ta tafi. Shinkafa takan jure kamar mako guda, sai dai irin da masu bincike suka samar wanda ke kai mako biyu a nutse, shi kuwa bai isa hannun kowa ba. Amfanin bana ya tafi, irin da aka ajiye don baɗi ya jiƙe a rumbu ya tsiro, wani lokaci kuma ruwan ya bar rairayi mai kauri a kan gonar har sai an shekara ana fama kafin ta sake haihuwa. Dabbobin da suka tsira daga ruwa yunwa ke jiransu, don ciyawa ta ruɓe, ga ciwon ƙafa saboda tsayuwa a taɓo. Dole a sayar, kuma a sayar a daidai lokacin da kowa ke sayarwa, wato a wulaƙance. A ambaliyar Pakistan ta 2022 dabbobi fiye da miliyan ɗaya suka halaka. Ga talakan karkara, a Asiya ne ko a Afirka, dabbar nan ita ce ajiyarsa, ita ce abin da zai taɓa ran rashin lafiya. In ta tafi sai bashi, kuma mai ba da bashi a irin wannan lokaci ya san ba ka da zaɓi. Na ga magidanta da ruwa ya yi kwana kaɗan a gidajensu, amma bashin da ya jefa su ciki ya bi su shekaru.

A nan ne abin ke sauka a kan yara. Ana cire babba daga makaranta ya je neman kuɗi, ana rage yawan ci a gida, ana aurar da yarinya da wuri don a rage baki. Ƙaramin da ya yi tamowa a shekarunsa biyu na farko, tsumburewar takan bi shi har girma, a jiki da kuma a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato tsoro. Na san yara da in hadari ya haɗu sai su fara kuka suna tattara takalma, na san iyaye mata da ba sa runtsawa duk daren da ake ruwa, suna leƙa ƙofa da fitila. Wani rahoton Bankin Duniya na 2016 ya ƙiyasta cewa bala'o'i irin su ambaliya da fari da guguwa na jefa mutum miliyan 26 cikin talauci kowace shekara. Ta wannan hanya suke faɗawa, ba a rana ɗaya ba.

Gobara in ta ci gida ɗaya, maƙwabta ne ke tashinsa: wannan ya ba da ɗaki, wancan ya ba da rance, wani ya kawo tufafi. Ambaliya kuwa tana cin mai taimako da wanda za a taimaka wa a dare guda. Ɗan'uwan da za ka gudu wurinsa yana kan rufin ɗakinsa shi ma. Wannan ne ya sa gari ke daɗewa bai miƙe ba, ko da ba a yi asarar rai da yawa ba. Rijiyoyi sun haɗu da ruwan masai, mutane na tsaye cikin ruwa suna fama da ƙishirwa, kwana kaɗan sai amai da gudawa. Haka aka gani a birnin Beira na Mozambik bayan guguwar Idai a 2019, inda kwalara ta biyo baya cikin makonni. Ruwan da ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu zazzaɓin cizon sauro a Pakistan sun tashi daga kimanin dubu 500 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022. Waɗanda zazzaɓin ya kashe ba sa cikin mutum 1,700 da ɗoriya da aka ce ambaliyar ta kashe, alhali ita ce ta kashe su. Haka mai naƙudar da ta rasu don gada ta karye, da mai ciwon suga da maganinsa ya lalace.

Makaranta kuwa sau biyu take shan wahala. In ruwa bai ci ta ba, ita ce sansani, azuzuwa su cika da iyalai, a ƙona benci a yi girki. A Nijar, ambaliyar 2024 ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa ƙarshensa a faɗin ƙasar. A wannan daminar ce tsohon masallacin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. Ba na jin akwai wanda zai iya sa wa wannan farashi. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shiga asibitin koyarwa da babbar kasuwa da maƙabarta, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu, ya saki macizai da kadoji cikin unguwanni, ya rusa katangar kurkuku fursunoni kusan 280 suka fice. Duk abin da ke riƙe da gari ya saki a lokaci guda, a birnin da dama cike yake da mutanen da rikici ya koro.

Shi kansa agaji, in ba a yi hattara ba, yakan bar tabo. Rajista takan bi mai gida, sai a ba wanda ya mallaki ginin, ɗan hayan da ya rasa komai nasa ya tashi a tutar babu. Matar da mijinta ya rasu ko ya yi tafiya sau da yawa ba ta shiga, don ana neman sunan namiji. Wanda ke kusa da titi ya samu sau uku, ƙauyen da sai da kwalekwale ake isa bai ga kowa ba. Na ga maƙwabtan da suka yi shekaru suna zaman lafiya sun daina gaisawa a kan bargo da bokiti. Don haka, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta riƙa tura wakili wuraren da ambaliya ta ci bayan wata shida, cikin rani, lokacin da motocin agaji sun daina zuwa. Ya tambayi yara nawa suka koma aji, rijiya nawa aka yashe, wa ya sayar da gonarsa, wa ya bar garin bai dawo ba. A lokacin ne za a ga girman abin.

A matakin ƙasa ma lissafin yana da irin wannan rami. Ambaliyar Pakistan ta shafi mutum miliyan 33, ta raba kusan miliyan 8 da muhallinsu, ta lalata gidaje fiye da miliyan 2 da hanyoyi kimanin kilomita 13,000 da gadoji sama da 400. Ƙididdigar da gwamnatin ƙasar ta yi tare da Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce dukiyar da ta lalace ta kai dala biliyan 14.9, asarar da ta biyo baya ta tsayawar aiki da noma da ciniki kuma dala biliyan 15.2. A lura da wannan: abin da aka rasa bayan ruwa ya wuce ya ɗara abin da ruwan ya rusa. Audugar lardin Sindh ta nutse, ga shi kuma tufafi da zare su ne fiye da rabin abin da Pakistan ke sayarwa waje. Masaƙu suka rasa auduga, dole a sayo daga waje da dalar da babu, a ƙasar da dama bashi ya yi mata katutu. A taron Janeba na Janairun 2023 an yi mata alkawarin fiye da dala biliyan 9, amma mafi yawansa rance ne. Ma'ana jikokin waɗanda ruwa ya ci su ne za su biya kuɗin gyara.

Tailan ta nuna wata fuskar. A 2011 ruwa ya mamaye yankunan masana'antu bakwai a arewa da Bankok, ya yi makonni a kwance a cikinsu. Bankin Duniya ya sa asarar a kan dala biliyan 46.5, tattalin arzikin ƙasar ya kusa tsayawa cik a shekarar. Kamfanin Honda ya rufe masana'antarsa ta Ayuttaya wata da watanni. Da yake kaso mai tsoka na faifan ajiyar bayanan kwamfuta a can ake ƙera shi, farashinsa ya kusa ninkawa a duniya baki ɗaya. Mutumin da bai san inda Tailan take ba ya biya kuɗin ambaliyarta. A Najeriya ma, a 2022, bayan mutum sama da 600 da suka rasu da wajen miliyan 1.4 da suka bar gidajensu, ruwa ya datse hanyar Lakwaja zuwa Abuja a wajen Koton Ƙarfe. Tankokin mai da tirelolin kaya suka yi kwanaki a jere, layin mai ya dawo Abuja, kamfanin gas na NLNG ya sanar da abokan cinikinsa cewa ba zai iya cika alkawari ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar kai tsaye a kan dala biliyan 6.7, shekara goma kacal bayan ta 2012 da aka ce ta ci naira tiriliyan 2.6.

Kuɗin gyara kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Daga kasafin asibiti da makaranta da sabuwar hanya ake yankowa a sake gina gadar da aka riga aka biya kuɗinta sau ɗaya, a daidai lokacin da haraji ya ragu saboda kasuwanci ya tsaya, abinci kuma ya yi tsada har a biranen da ba su ga ruwa ba. Akwai kuma wani abin da ke ba ni takaici a yadda ake auna asara da kuɗi. Gidan attajiri ɗaya da ruwa ya taɓa zai iya fin ƙauye guda daraja a takarda. Shi yana da inshora ko ajiya, kafin shekara ya gyara. Ƙauyen kuwa ya rasa duk abin da ya mallaka, amma a lissafin ƙasa ɗigo ne. Bayan haka in aka fara gine-gine, sayen siminti da rodi zai shiga lissafi a matsayin bunƙasa. In da wannan ma'auni kaɗai za a zaɓi inda za a yi katangar kare ruwa, unguwar masu hali za a kare kullum.

Ruwan sama na Allah ne, babu mai ja. Masana kuma sun nuna cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta ɗauki ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ruwan wata guda ke sauka a yini ɗaya. Ƙasashen da suka fi shan wahalar ba su ne suka fi ɓata iskar ba. Pakistan ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na hayaƙin duniya ba, kuma wannan hujja ce ta taimaka aka amince da kafa asusun biyan asara a taron yanayi na Misira a 2022. Hakkinsu ne, a biya. Amma kada wannan ya zama mafakar masu sakaci. Madatsun nan biyu da suka ɓalle a kan birnin Darna na Libiya a Satumban 2023 an gina su ne a shekarun 1970, an yi fiye da shekara ashirin ba a yi musu gyaran kirki ba, kuma wani malamin jami'a na ƙasar, Abdulwanis Ashur, ya rubuta gargaɗi ƙarara a 2022. Mutum fiye da 4,000 aka tabbatar sun mutu, dubbai ba a gan su ba har yau. Daga baya kotu ta ɗaure jami'ai 12, abin da ba kasafai ake gani ba. Alau ma ta taɓa cin Maiduguri a 1994. Madatsar Lagdo ta Kamaru an gama ta tun 1982, ita kuwa ta Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka tsara don ta tare ruwan da ake sakowa a Binuwai, har yanzu ba ta tabbata ba. Ba ita kaɗai za ta hana ambaliya ba, don ruwan sama da sauran koguna na da babban kaso, amma shekara arba'in ta isa a yanke shawara a kanta.

Ana yawan zargin talaka da gini a hanyar ruwa. Gaskiya ne yana yi, kuma zuba shara a magudana laifi ne da ba na kare kowa a kansa. Sai dai a tambaya wa ya yanka filin, wa ya sa hannu, kuma ina ne wurin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya in ba kwari ba. Holan, bayan ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum 1,836, ta yi shekaru tana gina katangu da ƙofofin teku. Daga baya ta ga katanga kaɗai ba ta isa ba, sai ta shiga matsar da ita baya a wurare fiye da 30 don kogi ya sami inda zai baje. Waɗanda aka tasa an biya su, an ba su wani wuri. Rusau ba tare da madadi ba yana mayar da mutum wani kwarin ne kawai.

Abin da ya fi araha a duk wannan shi ne gargaɗi. Wani kwamitin duniya kan sauyin yanayi ya ƙiyasta a 2019 cewa sanarwar awa 24 kafin bala'i na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. Amma dole ta isa, kuma ta isa da wuri. A Balensiya ta Sifaniya, ranar 29 ga Oktoban 2024, hukumar yanayi ta ba da gargaɗi mafi tsanani tun da safe, amma saƙon bai shiga wayoyin jama'a ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin mutane na cikin motoci ruwa na tafiya da su. Fiye da 220 suka mutu. A Jamus a 2021 an hango ruwan kwanaki kafin ya zo, duk da haka mutum sama da 130 suka mutu a kwarin Ahr, har da 12 a wani gidan kula da naƙasassu da ba a kwashe da wuri ba. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da na'urori. Bangaladash, wadda ba ta kama ƙafarsu ba, ta rasa aƙalla mutum 300,000 a guguwar 1970 da kusan 138,000 a ta 1991. Ta horar da dubban 'yan sa-kai, maza da mata, masu bin gida-gida da lasifika, ta gina mafaka masu bene waɗanda makarantu ne a sauran ranaku. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 an kwashe mutum fiye da miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, amma na sha ganin kunnen da ya ji, jikin ya kasa motsi. Na zauna da mutanen da aka ce su tashi suka ƙi, kuma ba taurin kai ba ne. Wani yana tsoron in ya bar gida ɓarayi su kwashe, wani ba a yarda ya shiga sansani da awakinsa ba, wani yana da tsohuwar da ba ta iya tafiya kuma ba shi da kuɗin mota, wata ba ta yarda ta kwana da 'yan matanta a aji ɗaya da mazan da ba ta sani ba. A Bangaladash a 2020 an gwada tura wa gidaje fiye da 23,000 a gaɓar kogin Jamuna kimanin dala 53 kowanne ta waya, kwanaki kafin ruwa ya kai ƙololuwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna waɗanda suka samu sun fi kwashe iyali da dabbobi, sun fi samun abin ci, bashin da suka ci kuma bai kai na sauran muni ba. Kuɗin da za a kashe bayan ruwa ne, aka ba da shi kafin ruwa.

Hukumomin yanayi da na koguna a ƙasashe da dama suna fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, a Najeriya NiMet da NIHSA na yi, har da jerin yankunan da ke cikin haɗari. Abin da ke biyo baya yawanci jumla ɗaya ce: mazauna kwari su koma kan tudu. Wane tudu? Ina roƙon jaridarka, idan hasashen ya fito, ta bi shugabannin yankunan da aka ambata ɗaya bayan ɗaya ta tambaye su sunan wurin da mutanensu za su je, da hanyar da za su bi in gada ta nutse, da inda za a ɗaure dabbobi, da wanda zai yi gadin gidajen da aka bari, da motar da za ta ɗauki tsofaffi da marasa lafiya, da ranar ƙarshe da injiniya ya duba madatsar da ke saman garin. Ku buga amsar kowa da sunan yankinsa, da harshen da mutanen wurin ke ji. Wanda ya ƙi amsawa, ku buga cewa ya ƙi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin agaji